Kankaren Ɗakin Yaya

Duk wanda ya ce muku Alhaji Mashudu ya gina wa yayarsa ɗaki, ku turo mini shi ya sha koko in ba shi labari. Teburina yana daura da ƙofar gidansu a nan unguwar Lamashegu ta Tamale, ba abin da ya raba mu sai kwata da hanyar babura. Abin da ya shiga gidan nan da abin da ya fito, duk a kan idona ne. Sunana Laila, kuma bakina ba shi da murfi, unguwa ta shaida.

Ɗakin da ake ta magana a kai gareji ne. Tun asali don mota aka gina shi, lokacin da Alhaji yake mafarkinta yana kan tsohon babur. Motar ta ƙi zuwa, sai yayarsa Mma Adiza ta zo. Daga Kumasi ta dawo, inda ta ƙarar da ƙuruciyarta tana kayayo, wato dakon kayan mutane a ka cikin kasuwa. Da dakon nan Mashudu ya yi makaranta har ya iya riƙe biro. Abin da ta dawo da shi gadon ƙarfe ne, da wani babban kwano, da wuya mai ƙara in ta waiwaya. Aka tura mata gadon cikin gareji, aka rataya labule, aka ce ga ɗaki. Daga ranar ita ce shara, ita ce wanke-wanke, ita ce jiran gida.

Ƙasarmu ta nan kun san halinta, ta sha ruwa ta kumbura, ta bushe ta tsage. Daɓen garejin ya rabe biyu, gefe ɗaya ya zauna, bango ya buɗe baki har ƙadangaru suna shiga ba sallama. Mma Adiza ta sa bulo a ƙarƙashin ƙafafun gado biyu don kada ta gangaro cikin barci. Ta yi wa ƙanenta magana, ya ce za a duba. Ta sake yi, ya ce siminti ya yi tsada. Sai ta ja bakinta.

Ba zato, cikin bazarar bana, ga Alhaji ya tsaya gaban teburina da safe, lokacin da jama'a suka fi cika. Ya gyara zaman hula ya ɗaga murya.

"Jama'a, ku taya ni addu'a. Ɗakin Yaya zan rushe in sake, tun daga fandisho. Matar nan ita ce uwata, ita ce ubana. Ba na iya barci tana kwance a kan tsaga."

Wurin ya ɗauki "Allah ya saka da alheri". Afa Andani, limamin masallacinmu, ya dafa masa kafaɗa, ranar Juma'a kuma ya sa shi cikin wa'azi, ya ce ga misalin zumunci a zamanin da zumunci ya yi wuya. Ni kaina na ƙara masa ƙosai biyu kyauta. Ƙosan nan biyu har yau suna yi mini ciwo.

Maginin da aka kira Kodzo ne, mutumin kudu, mai Hausar kasuwa wadda mace da namiji duk "kai" ne a cikinta. A bencina suka yi ciniki, don Alhaji yana son a gan shi yana hidima. Kodzo ya jero aikin: a fasa tsohon daɓe, a kwashe ɓaraguzai, a haƙa sabon fandisho, a tada bulo, a cika ciki da jar ƙasa a daddage, sannan rodi, yashi, tsakuwa, siminti, ruwa, leburori. Da ya faɗi jimla, koko ya sarƙe Alhaji.

"Duk wannan a kan garej..." Ya haɗiye sauran. "A kan ɗaki ɗaya? Rage, Kodzo. Kwashe ɓaraguzan nan, cire shi."

"Wa zai kwashe, Alhaji?"

"Muna da mutane a gida."

"Zuba ƙasa cikin rami fa?"

"Mutanen gida."

"Ruwa? Famfo ya daɗe ko tari bai yi ba. Sai tanka."

"Tanka! Ga dam can Allah ya ajiye kyauta? Mutanen gida za su ɗebo."

Kodzo ya sosa ƙeya. Ya ce in ragi ake so, a rage rodi, ɗakin kwanan tsohuwa ba ya buƙatar ƙarfe da yawa. Nan Alhaji ya zabura kamar an taka masa ƙafa.

"A'a! Rodi kada ka taɓa. Mai kauri za ka sa, ka ninka ma."

Na tsaya da ludayi a hannu. Na ce a raina, ikon Allah, Mma Adiza da iska take kaɗawa ita ce za a ninka wa rodi? Sannan na duba mutanen gidan da ake ta ambato. Akwai Alhaji, mai ciwon bayan da ba ya tashi sai ya ga aiki. Akwai matarsa Hajiya Rahimatu, mai hawan jinin da yake sauka ranar biki. 'Ya'yansu suna makarantar kwana. Ko yaro ya san wa ya rage.

Aka fitar da gadon aka kai shi sito, wurin buhunan masara. Yaran Kodzo suka fasa daɓe suka tafi. Washegari na ga Mma Adiza ta fito da kwanonta na Kumasi, ta naɗa gammo, tana loda gutsattsarin kankare tana kaiwa bakin kwata can ƙasa inda ruwa ya ci hanya. Wallahi har waƙa take yi.

"Mma Adiza, mene ne haka?" na ce. "Ina mazan gidan?"

"Ɗakina ne, Laila. In ban taimaka ba wa zai taimaka? Yaron nan ya yi ƙoƙari."

Yaron nan. Mutum mai furfura a gemu da tumbi kamar tulu.

Ta kwashe ɓaraguzai tas. Motokin, babur ɗin nan mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ya kawo jar ƙasa ya juye a bakin hanya, don a cewar Alhaji shiga da shi ciki ƙarin kuɗi ne. Ita ta dinga ɗiba a kwano tana zubawa cikin rami. Waƙar ta fara raguwa.

Ranar da siminti ya iso aka yi wata sabuwa. Kodzo ya ce siminti ba ya son laima, ba ya son ƙasa, kuma ɓarayi suna sonsa. Sai aka shimfiɗa masa katako a sito, aka jera shi, aka rufe da leda, aka sa kwaɗo. Gadon Mma Adiza kuwa aka fito da shi baranda, kusa da inda awaki suke kwana. Da Hajiya Rahimatu ta aiko a zuba mata koko sannan ta biyo baya da kanta don ƙarin sukari, na tare ta.

"Hajiya, siminti a ɗaki, mutum a waje?"

"Haba Laila, wannan zafin? Ai gata aka yi mata. Mu da muke ciki dahuwa muke yi. Baranda duk ta fi iska."

"To ku musanya mana."

Ta dafe ƙirji ta ce kada in tayar mata da jini da sassafe.

Sai ruwa. Wanda bai zauna Tamale cikin bazara ba bai san me ake nufi da ruwa ba. Dam ya ja baya, sai ka ratsa taɓo kafin ka kai ga abin ɗiba, kuma daga gidanmu tafiya ce mai kyau. Bulo yana son ruwa, jar ƙasa tana son ruwa kafin a daddage ta, kwaɓi yana son ruwa. Aka jera durom-durom a ƙofar gida aka ce a cika. Mma Adiza ta dinga zirya da jarka a ka, ta tafi ta dawo, ta tafi ta dawo, rana tana dukanta. Ginin nan ya sha ya ƙoshi, ita kuwa da buta ɗaya take wanka. In Hajiya tana son na girki, daga durom ɗin nan take ɗiba, ko sannu babu.

Abin ya fara da kofi. Ta zo shan koko, na miƙa mata, ya suɓuce daga hannunta na hagu ya zube. Ta yi dariya ta ce hannun ne ya yi barci. Bayan 'yan kwanaki hannun bai farka ba. Ta daina iya ɗora jarka da kanta, sai ta tsaya bakin dam tana jiran mai wucewa ya ɗora mata. In za ta dube ka, sai ta juyo da jiki gaba ɗaya, don wuyan ya ƙi. Na ga tana sallah a zaune, matar da ban taɓa ganin ta jingina ba.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na bar tukunya a kan wuta na tare Alhaji yana shirin tada babur.

"Alhaji, ka dubi yayarka kuwa? Hannunta ya mutu."

"Tsufa ne, Laila. Kowa zai je."

"Jarka ce, ba tsufa ba. Ka kira tanka ɗaya mana."

"Ke ba ki san Yaya ba. Ai ta saba. Matar da ta ɗauki firji a ka a Kumasi, jarka za ta dame ta? In na hana ta, cewa za ta yi na raina ta. Kuma likitoci da kansu sun ce motsa jiki magani ne."

"To kai me ya hana ka shan maganin?"

Ya ce in kama kokona, maganar gida ce. Da yamma ya aiko mata da man zafi, ɗan ƙarami, irin wanda ake sayarwa a tasha. Ta zo tana nuna mini shi kamar an ba ta kujerar Makka.

Gini ya tashi, sai ya fara tona asirin kansa. Ƙofar da aka bari a gaba, shanu biyu za su shiga a jere. Daga bakin hanya kuma aka ɗora gangare, sumul, har cikin ɗaki. Sai ga Issah mai walda ya zo da awo, ya zauna shan koko, ya ce an ba shi aikin ƙyauren ƙarfe mai buɗewa biyu.

"Ƙyauren ɗakin kwana ke nan?" na tambaye shi.

Ya ce, "Ni dai an ce in bar wurin madubi ta kowane gefe."

Hajiya Rahimatu ce ta ƙarasa zancen, don cikinta ba ya riƙe daɗi. Ta nuna wa wata ƙawarta hoto a waya a gabana: mota baƙa, doguwa, tana tashar jirgin ruwa a Tema tana jiran a je a ɗauko ta. Ta ce ita a gaba za ta zauna ranar shigowa unguwa, har ta ɗinka kayan.

Ban yi wata-wata ba. Na sami Mma Adiza a baranda tana murza hannu da man zafi.

"Mma Adiza, kin taɓa ganin ɗakin kwana mai gangare?"

"Mashudu ya ce saboda gwiwata ne. Kada in sha wahalar hawa."

"Ƙofar fa?"

"Saboda iska."

"Rodin fa? Saboda nauyinki?"

Ta juyo da jikinta duka ta dube ni, idonta a bushe.

"Laila, garejojin da na gani a Kumasi sun fi kofunan da kika wanke yawa. Tun ranar da aka ɗaura rodi na sani."

"To don me kike ta kashe kanki?"

"In na ajiye jarka, na yarda ke nan. Ina so ya faɗa mini da bakinsa."

Ta kuwa tambaye shi, ina tsaye. Ya dawo daga kasuwa, ta ce, "Mashudu, in an gama, ta wane gefe za a sa mini gado?"

Bai dube ta ba, takalminsa yake ta kaɗewa. "Yaya, kankare sai ya yi wata yana bushewa, ba a gaggawa. Kuma na yi tunani. Hayaniyar gari ba ta yi miki. Akwai 'yar kawunmu a ƙauye, iska mai kyau, ga nono. Ki je ki huta tukuna, in komai ya daidaita sai mu gani."

Ƙauyen nan rabonta da shi tun tana budurwa. 'Yar kawun da yake faɗi ko a hanya suka haɗu ba za su gane juna ba. Mma Adiza ta ce, "To." Da safe ta ɗauki jarka ta nufi dam, ni kuwa takaici ya hana ni kallonta.

Ranar Juma'a aka zuba kankare. Tun da sassafe yaran Kodzo suke kwaɓawa suna zubawa da kwanon sarki, Mma Adiza tana cika durom na ƙarshe. Kafin azahar an gama, daɓe ya kwanta lumui, yana sheƙi. Alhaji ya zagaya shi ya sa albarka, ya ja wa kowa kunne kada ko kaza ta taka. Daga masallaci kai tsaye tasha za su wuce shi da Hajiya, sai Tema. Ya miƙa wa yayarsa sanda.

"Yaya, ki zauna nan ki kori awaki. Kuma daga gobe a riƙa ba shi ruwa safe da yamma, kada ya tsage."

Maza suka tafi Juma'a. Kodzo da yaransa suka tafi cin tuwo kafin kankare ya ɗan ja su zo su goge shi. Unguwa ta yi tsit. Ina wanke tukunya sai na ji ƙarar ƙarfe yana jan ƙasa.

Na ɗaga kai. Mma Adiza ce ta fito daga ƙofar gida, ta jawo gadon ƙarfen da hannu ɗaya har bakin hanya. Gammo yana kanta.

"Laila, zo ki ɗora mini."

"Ina za ki da shi? Wuyanki!"

"Ɗora mini, na ce. Wannan ne kaya na farko da zan ɗauka wanda nawa ne."

Na ɗora mata. Na ji wuyan ya yi ƙara, ta cije leɓe. Ta hau gangaren nan da aka yi saboda gwiwarta, a hankali, ta shiga cikin ɗanyen kankare har idon sawu. Ba ta tsaya a gefe ba, sai da ta kai tsakiya cif. Nan ta rusuna ta sauke. Na jefa mata katifa, ta shimfiɗa, ta hau ta zauna. Gadon irin na da ne, mai sandar ƙarfe da ta haɗa ƙafafunsa daga ƙasa. Ina kallo ƙafafun suka nutse, sandar ta bi su, kankare ya rufe a kai.

Dariya ta kama ni har na zauna a bakin kwata, sai kuma na ji hawaye. Na ɗora katako na shiga da ruwa na wanke mata ƙafafu, don siminti yana cin fata.

Kodzo ya dawo yana sakace. Ya tsaya a ƙofa, tsinken ya faɗi daga bakinsa.

"Ei! Mma, me ka yi?"

"Na tare," in ji ta.

Ya dubi gadon, ya dubi sawunta a jere, ya dube ni. Yaransa suka ce a yi maza a ciro tun bai kama ba. Kodzo ya daɗe yana tunani, sannan ya ɗauki cokalin gininsa.

"Ni Alhaji ya ce in gyara ɗakin Mma. Gaban mutane ya faɗa. Gado a ɗaki yake zama."

Ya durƙusa a kan katako ya goge kewayen kowace ƙafa tsaf, kamar da ma haka zanen yake. Sawunta kuwa ya bar su, ya ce hannunsa ba ya kaiwa.

Maganar ba wa kankare ruwa, ni na ɗauke ta. Safe da yamma, da ruwan da na saya da kuɗina. Ban taɓa yi wa wani abu hidima da zuciya ɗaya irin yadda na yi wa kankaren nan ba. So nake ya kama, ya kama da kyau.

Ranar da motar ta iso, tun daga kwana muka ji ham. Ga ta baƙa, doguwa, Hajiya a gaba cikin sabon ɗinki tana ɗaga hannu. Yara suka bi ta da gudu, manya suka fito sa albarka, har da Afa Andani. Alhaji ya juya kan motar ya saita gangare, don a ga yadda za ta zauna ko da ba yau za ta kwana ciki ba. Wani yaro ya yaye labulen da muka rataya a ƙofar.

Ga Mma Adiza a tsakiyar ɗaki, a kan gado, tana jan carbi.

Alhaji ya fito. Ya shiga ya kama kan gadon ya ja. Ya sake ja har hularsa ta faɗi. Ya duba ƙasa. Wallahi na ga fuskar mutum ta canja launi sau uku a tsaye ɗaya.

Afa Andani ya leƙo, ya dubi ƙafafun gadon. Har yau ban sani ba ko da gaske ya yi ko da gayya. Ya ɗaga hannu sama.

"Masha Allah! Jama'a, ku zo ku ga zumunci. Bai tsaya ga gina mata ɗaki ba, har gadon ya kafa mata, don ko bayan ransa kada wani ya fitar da ita. Allah ya saka maka, Alhaji!"

Jama'a suka ɗauki kabbara. Alhaji ya ce amin, da muryar wanda ya haɗiyi ƙaya.

Washegari da hantsi, da ya ga bencina ya rage mutane, sai ya kira Issah da injin yankan ƙarfe. Ni kuwa na ce wa sauran masu shan koko su taso da kofunansu, yau a tsaye za a sha.

"Yaya," in ji Alhaji ƙasa-ƙasa, "sauko. Gyara za a ɗan yi wa gadon."

"Ba na iya tashi, Mashudu."

"Haba Yaya, kada ki ba ni kunya gaban mutane."

"Da gaske nake. Tun shekaranjiya wuyan ya riƙe har baya. In kuna son gadon, ku ɗauke ni." Ta ɗaga murya yadda na bakin ƙofa za su ji. "Na ɗauki kayan Kumasi, na ɗauki karatunka, na ɗauki ƙasar ɗakin nan da ruwansa. Yau ni ce kayan. A cikin mutanen gida wani ya zo ya ɗauke ni."

Alhaji ya dafe bayansa. Ya dubi Hajiya, ta dafe ƙirji ta koma ciki. Ya dubi Issah.

"Ni ƙarfe nake yanka, Alhaji," in ji Issah. "Ba na taɓa uwar mutane. Kuma ba na kunna inji mutum yana kai."

Ya naɗe wayar injinsa ya tafi. Alhaji ya waiwayo ya ga idanu a ƙofa, kowa da kofi a hannu, ba mai sha. Ya ce ai da ma tsatsa ya gani a ƙafar gadon, amma tunda Yaya ba ta so, a bari.

Kada ku ce ta ci nasara ku tafa. Mu matan unguwa muka kai ta asibiti a keke mai ƙafa uku, aka ɗauki hoto, aka ce ƙasusuwan wuya sun danne jijiya, hannun nan ba zai dawo ba. An sa mata wani abin wuya mai tauri. Yanzu ko buta ba ta ɗauka, ni nake kai mata koko in riƙe mata kofi. Ɗakin da ta kwana a ciki shekara da shekaru, sai da ta ba da hannu da wuya kafin a bar mata shi, kuma ko da hakan sai da ta kafa shi da ƙarfe. In na tuna, har yanzu haushi nake ji.

Motar tana kwana a waje cikin tampol, awaki suna hawa kai su sha hantsi. Tanka kuwa yanzu ya san hanyar gidan, don an gano ashe ruwa ba ya zuwa da ƙafarsa. Alhaji yana nan yana karɓar yabo. Duk baƙon da ya zo sai ya ja shi ya nuna masa kaurin daɓe, ya ce rodi ninki biyu ya sa, don Yaya ba abin wasa ba ce.

Makon jiya ya sake kiran Kodzo, suka zauna a bencina. Wani garejin yake so a ɗaya gefen gidan, don rana tana cin fentin mota. Kodzo ya jero aiki ya faɗi jimla. Koko ya sake sarƙe Alhaji.

"Rage, Kodzo. Zuba ƙasa, cire. Ruwa ma cire."

"Wa zai ɗauka, Alhaji?"

"Muna da mut..."

Bai ƙarasa ba. Daga tsallaken hanya labule ya motsa, ana hango ƙafar gadon a cikin kankare da sawu a jere.

Kodzo ya shanye kokonsa ya ajiye kofi.

"Mutanen gida mutum ɗaya ne, Alhaji. Ga shi can kwance. Kun gama da shi a wancan aiki."